Filin Tambaya da Amsa: Wai a Zuba Ruwa a Tankin Kumbo?

Jama'a, salamu alaikum. Laifina ne. A fitowar da ta wuce na yi suɓutar baki na ce idan an ɗauke wuta da daddare nakan shimfiɗa tabarma da yarana mu buga wasan kumbo a takarda. Sai ga wasiƙu kan man kumbo sun cika mini akwati, kamar da ma jira ake yi. Na tsamo huɗu. Ta farkon ta ci mini dare biyu da kalkuleta, saboda haka ita za ta ci rabin filin. Masu tambaya kan batirin sola ku yi haƙuri, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA TA FARKO

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma ni ne alƙali a rukuninmu na mutum biyar da ke buga Traveller duk daren Asabar. Kumbon abokaina na fatauci ne, mai tan 200. Dokar wasa ta ce kowane tsalle yana cin ruwan haidirojin da ya kai kashi goma cikin ɗari na girman kumbo, wato tan 20. Ɗaya daga cikinsu, mai karanta injiniyan sinadarai, ya tsaya kai da fata wai lita ɗaya ta ruwan sha ta fi lita ɗaya ta ruwan haidirojin tsantsa yawan haidirojin, don haka shi ruwan famfo zai zuba, ya rage tanki, ya ƙara wurin kaya. Na ce masa wannan ai zancen banza ne, yaya gauraye zai fi tsantsa? Muka yi ta musu har aka watse ba a buga wasan ba. Wa ke da gaskiya?

AMSA

Ƙanena, ka nemi goro ka kai masa, don a wannan magana shi ke da gaskiya. Sai dai kada ka miƙa masa tankin tukuna.

Bari in fara da waɗanda ba su san wasan ba. Traveller ya fito a Amurka a 1977, Marc Miller ne ya tsara shi. Ba kwamfuta, ba waya. Takarda ce da fensir da ƙwayoyin ludo biyu, sai alƙali mai ba da labarin abin da ke faruwa, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda a cikin kumbo: wannan matuƙi, wancan injiniya, wancan mai kula da kaya. Kumbon yana "tsalle" daga tauraro zuwa tauraro, kowane tsalle mako guda, kuma mafi gajartar tsalle fasek ɗaya ne, nisan da haske zai ci a shekara uku da wata uku.

Tan ɗin da ake faɗa a wasan ba na sikeli ba ne. Awon wuri ne, wurin da tan ɗaya na ruwan haidirojin zai cika, wajen lita 14,000. Ka ga ke nan hatta girman kumbon da man aka auna shi. Kuma wannan adadi ba ƙirƙira ba ce, haka abin yake a zahiri. Haidirojin shi ne mafi rashin nauyi a duk sinadaran da Allah ya halitta. Sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili yake zama ruwa, kuma ko ya zama ruwan, lita ɗaya giram 71 kacal take. Ka ɗauki tankar fetur mai lita 33,000, irin waɗanda muke gani a jere a hanyar Kaduna. In ta cika da fetur tana ɗauke da wajen tan 24. Ka cika ta da ruwan haidirojin, tan biyu ne da 'yan kai. Direban zai rantse fanko yake ja. Tan 20 ɗin da kumbonku ke sha a tsalle ɗaya lita 280,000 ne, tanka takwas da rabi.

Yanzu ga ruwan sha. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma kashi ɗaya cikin tara na nauyin haidirojin ne, sauran oksijin. Ka raba dubu gida tara, giram 111. To ka ajiye 111 kusa da 71 ka duba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayoyin haidirojin idan su kaɗai ne ba sa riƙon juna sosai, kamar 'yan firamare ne a fili lokacin tara, kowa da inda ya nufa, ko an kaɗa ƙararrawa ba sa matsuwa. A cikin ruwa kuwa kowace ƙwayar oksijin ta kama haidirojin biyu gam, kamar uwa za ta tsallaka titi da tagwaye, su iyayen kuma suna manne da juna kafaɗa da kafaɗa. Sai yara su fi yawa a ɗaki ɗaya idan da iyayensu, duk da iyayen ma sun ci wuri.

Injiniyoyin gaske sun sha wannan wahalar. Ka tuna ƙaton tankin nan mai ruwan goro da ke manne da kumbon Amurka mai fukafukai, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011? Tsawonsa mita 47. Ɓangaren haidirojin yana cin lita kusan miliyan ɗaya da rabi, nauyin man tan 106. Ɓangaren oksijin bai wuce lita 550,000 da 'yan kai ba, amma nauyinsa ya kusa tan 630. Mai nauyin kashi ɗaya cikin bakwai na duka man shi ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu na wurin.

To mu koma kumbonku. Don a samu tan 20 na haidirojin ana buƙatar tan 180 na ruwa, lita 180,000. A awon wasa tan 13 ke nan maimakon 20. Abokinka ya ceto tan bakwai. A tsohuwar dokar wasan ana biyan kiredit (kuɗin cikin wasan) 1,000 kan kowane tan na kaya a tsalle ɗaya, kenan kiredit 7,000. Ga mai bashin banki na shekara arba'in a kan kumbo, ba kuɗin rainawa ba ne.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Injin tsalle ba ya shan ruwan famfo. Haidirojin yake so, kuma yana son sa a shirye lokacin tashi. Saboda haka tankin tan 20 yana nan daram, ba inda za shi. Ruwan guzuri ne na tsalle na biyu. Inda dabarar ke da amfani shi ne idan ana son ƙetare ramin fasek biyu da kumbo mai tsallen fasek ɗaya kacal: a yi tsalle zuwa tsakiyar duhu inda ba tauraro ba tasha, a sake cika tanki daga guzuri, a sake tsalle. Kumbon fataucin nan wurin kayansa tan 82 ne. In da ƙarin tankin haidirojin za a sa, saura 62. In ruwa ne, saura 69. Ribar ke nan gaba ɗaya, ba wai tankin ya ɓace ba.

Sannan a raba ruwan. Na'urorin da ake da su yau suna cin wajen yunit 50 na lantarki kafin su fitar da kilo ɗaya na haidirojin, yunit irin wanda mitarka ta gida ke cinyewa. Kilo 20,000 sau 50, yunit miliyan ɗaya. Da za a ba ka duk wutar da injinan asali na madatsar Kainji za su iya bayarwa, megawat 760, ba a raba da kowa ba, sai ka yi awa ɗaya da minti ashirin kana sha. In kuma aka shimfiɗa aikin a kan makon da ake yi cikin tsalle, megawat shida ne dare da rana. Kumbo mai injin nukiliya zai iya, ban musa ba. Amma na'urar da za ta yi aikin tana da girma, tana da kuɗi, kuma tana lalacewa.

Bayan an raba, iska ce a hannunka, sai ka mai da ita ruwa, wanda shi ma yana cin sama da yunit goma a kowane kilo. Akwai kuma wani tarko da nake jin daɗin ɗana wa ɗaliban sinadarai. Ƙwayoyin haidirojin iri biyu ne, kuma a zafin ɗaki kashi uku cikin huɗu na irin da ba ya zama lafiya a sanyi ne. In aka mai da shi ruwa da gaggawa, sai waɗannan su riƙa juyewa zuwa ɗaya irin a hankali suna fitar da zafi, zafin kuwa ya fi wanda ake buƙata a tafasa ruwan. Kana zaune tankinka na rufe, mai yana tafasa da kansa yana tsiyaya ta bututun numfashi. Maganinsa a bi da iskar ta cikin wani gari dangin tsatsar ƙarfe lokacin sanyayawa, don juyin ya faru tun kafin a zuba. Ka tambayi abokin naka ko ya saya. In ya yi shiru, ka san abin yi.

Babban abin da dokar ta kau da kai a kansa shi ne nauyi. Tsohon Traveller wuri yake ƙirgawa, bai damu da sikeli ba, ta wannan kafar abokinka ya shigo. A zahiri ya sauke tan 20 ya ɗora tan 180. Ayarin gishiri da ke tashi daga yankin Agadas zuwa Bilma sun san wannan lissafi tun kafin a ƙera roka. Ba kiwo a hamadar Tenere, dole raƙumi ya ɗauki ciyawar da zai ci, har a ajiye wasu dammuna a hanya saboda dawowa, kuma kowane dami ya hana buhun gero wuri. Madugu ba ya tambayar ko ciyawar za ta shiga, tambayarsa ko raƙumin zai tashi da ita.

Ni an taɓa yi mini wannan dabarar a gida. Babbar 'yata ce, tana aji biyar a sakandare lokacin, ta zo da lissafinta a bayan takardar jarrabawa. Na duba na ga ba kuskure, na ce na yarda. Suka yi tsalle zuwa tsakiyar ramin. Na ce wa ƙanenta, wanda shi ne injiniya, ya jefa ƙwayoyi mu ga lafiyar bututun ruwa. Ya girgiza su a tafin hannu, ya hura musu iska, ya watsa a kan tabarma. Ɗaya ta gangara ƙarƙashin kujera, sai da aka haska tocila aka gano ta. Biyu da ɗaya, uku. Na ce ruwa ya daskare a bututu, ya fasa shi, kun yi asarar kwana tara kuna gyara, ranar biyan banki kuma ta wuce. Yarinyar nan ta kalle ni ta ce, "Baba, ai muna da tan 160 na oksijin da ya rage, ba za mu sayar a tashar gaba ba?" Na rasa ta cewa. Mutum ɗaya bai shaƙar kilo guda cikakke a rana, don haka abin da ke hannunsu ya ishi mutum huɗu fiye da shekara ɗari. Dole na buɗe musu kasuwa. Uwarsu tana ta kiran tuwo ya huce, ba wanda ya motsa.

Hukuncina a teburinka: ka yarda masa. Tan 13 na ruwa a madadin tsalle na biyu, tankin asali ya zauna yadda yake, na'urar rabawa ta ci wani abu daga wurin kaya, kuma muddin ruwan na ciki kumbon ya yi nauyin jiki wajen gudu da kauce wa 'yan fashi. In ya dawo da maganar amoniya, wadda ake yin takin yuriya da ita, ita ma gaskiya ce: tan 113 sun isa, lita 166,000, kuma digiri 33 ƙasa da sifili kawai take buƙata. Sai dai guba ce, ka tuna masa a cikin gwangwani rufaffe suke kwana. Iskar metan kuma tan 80 ce, amma za ta bar masa tan 60 na baƙin gawayi ya san inda zai kai.

TAMBAYA TA BIYU

Ranka ya daɗe, ni direban tasi ne a Kaduna. Bayan cire tallafin fetur a 2023 na mai da motata mai amfani da gas, an sa mini tukunya a but. Yarona yana buga wani wasa a kwamfuta, Space Engineers, kullum yana ƙorafin tankunan haidirojin sun fi kumbon nasa girma. Na ce masa me zai hana a matse shi a tukunya kamar nawa? Ya ce in tambaye ka.

AMSA

Alhaji, Allah ya tsare hanya. Tunaninka daidai ne, har ma an yi. Tukunyar but ɗinka tana riƙe gas a matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 200. Motar Toyota Mirai da ta fito a Japan a 2014 tana matse haidirojin har ninki 700. Duk da wannan uban matsi, lita ɗaya giram 40 take ɗauka, ko kusa da 71 na ruwan haidirojin ba ta kai ba. Kuma iska ba ta da adalci a nan: in ka ninka matsi, abin da ke shiga bai ninkuwa, ƙwayoyin sun fara tokare juna. Ga nauyin tukunya. A Mirai ta farko man kilo biyar ne, tukwanen da ke riƙe shi sun haura kilo tamanin. Ka san yadda bayan motarka ya zauna ranar da aka ɗora maka taka. A mota ana jurewa tunda ƙasa ce ke ɗauke da ita. A kumbo kowane kilo sai an ƙona mai an tura shi.

Shi ya sa masu roka suka zaɓi sanyi. Wanda ya fara mai da haidirojin ruwa, James Dewar, a Landan a 1898, shi ne kuma ya ƙirƙiro kwalba mai bango biyu da ba iska a tsakani. Flas ɗin shayin da ke gefen giyarka jikan wannan kwalbar ne.

Wani abin kuma, haidirojin ɓarawon kafa ne. Ƙanƙantarsa ta sa yana bi ta inda ko iska ba ta bi, har cikin jikin ƙarfe yake shiga ya sa shi gautsi. A watan Satumba na 2022 yoyon haidirojin ya sa aka fasa harba rokar Artemis ta farko, ba ta tashi ba sai 16 ga Nuwamba. Harshen wutarsa kuma da rana kusan ba a ganinsa. A da ma'aikatan NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, tsintsiya suke miƙawa gaba suna tafiya a inda ake zargin yoyo, in bakin tsintsiyar ya kama wuta sai a tsaya.

Ka ce wa yaron ya duba abin da wasan nasa ya riga ya ba shi. A Space Engineers ana haƙo ƙanƙara, a zuba a injin da ke raba ta zuwa haidirojin da oksijin. Ya rage tankuna, ya ƙara rumbun ƙanƙara da injinan rabawa. Dabarar ɗalibin Zariya ce a sama, sai dai tasa daskararriya ce. Ya dai bar tanki ko ɗaya ne, don lokacin tashi injin tura kumbo yana zuƙa fiye da yadda na'urar ke iya samarwa.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Damagaram, kuma ina tsara wa ɗalibaina wani ɗan wasan kumbo da Hausa. Ina son tankin ya zama ƙarami don kada ya cinye zanen. Na ji ana maganar ƙarfe mai shan haidirojin, da kuma haidirojin da ya zama ƙarfe. Abu ɗaya ne? Wanne zan sa ba tare da na koya wa yara ƙarya ba?

AMSA

Malama, sannu da ƙoƙari, kuma in kin gama ki aiko mana mu gwada. Abu biyu ne, sunan ne kawai ya yi kama.

Na farko yana nan a duniya, ana sayar da shi. Wasu ƙarafa suna tsotse haidirojin kamar soso. Tun 1866 Thomas Graham ya lura faladiyam yana shanye iskar da ta ninka girmansa sau ɗaruruwa, har kusan 900. Akwai gaurayen lantanam da nikel da ke riƙe haidirojin a lita ɗaya fiye da ruwan haidirojin kansa, ba sanyi, ba wani matsi mai yawa. Matsalar a sikeli take: a kilo ɗari na ƙarfen, man bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Maganiziyam ya fi, yana riƙe sama da kilo bakwai a ɗari, amma ba ya sakin abin da ya sha sai an gasa shi zuwa wajen digiri 300. Inda wannan dabara ta samu gida shi ne jirgin ruwa mai nitso, kamar samfurin 212 na Jamus, tunda shi da ma nauyi yake nema ya nutse. A kumbo kuwa an gudu ba a tsira ba.

Na biyu shi ne wanda marubutan wasanni ke so. A 1935 Eugene Wigner da Hillard Huntington suka yi hasashen cewa in aka matse haidirojin matsi na fitar hankali zai koma ƙarfe. Masana suna ganin haka cikin duniyar Jupita yake. A farkon 2017 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Harvard, Ranga Dias da Isaac Silvera, suka ba da sanarwar sun samar da shi tsakanin bakin lu'ulu'u biyu, a matsin da ya kusa ninki miliyan biyar na iskarmu, fiye da na tsakiyar ƙasa. Ɗigon bai kai kaurin gashi ba. Ba a jima ba lu'ulu'un ya fashe, ɗigon ya ɓace, kuma masana da yawa ba su gamsu da sakamakon ba.

Abin da ke jan hankali shi ne, in har zai zauna a ƙarfensa bayan an sassauta matsin, ana hasashen zai ninka ruwan haidirojin cunkushewa wajen sau goma. Tanka takwas da rabin nan sai su koma ƙasa da guda. Wannan "in har" ɗin ba wanda ya tabbatar da shi.

Shawarata ki sa na biyun, amma ki gaya wa yaran a fili cewa nan ne kimiyya ta tsaya, almara ta karɓa. Sannan kada ki ba su shi kyauta. Idan ƙarfen ya koma iska, ƙarfin da zai saki a kilo ɗaya ya kai kusan ninki hamsin na nakiyar TNT. Tan 20 a tanki daidai yake da zama a kan tan dubu na nakiya. Ki sa doka: tankin ƙarami ne, amma duk abin da ya buge shi, ko zafi ya yi yawa, sai a jefa ƙwaya. Za ki ga yadda 'yan matan za su riƙa lallaɓa kumbon kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a kasuwar Dole. Kuma daga nan kin samu ƙofar shiga darasin matsi da zafi ba tare da sun san darasi ake ba.

TAMBAYA TA HUƊU

Kawu, gaisuwa daga Zangon Kumasi. A wasan kwamfuta na Elite Dangerous man kumbona ya ƙare a gaban wani tauraro da ya ƙi ba ni mai, sai da wasu 'yan wasa suka zo suka cece ni. Shin da gaske ana iya ɗiban mai daga tauraro, ko daga Jupita, har a huta da ɗaukar babban tanki?

AMSA

Ɗana, ka gode wa Fuel Rats, ƙungiyar 'yan wasan da tun 2015 aikinsu ke nan, kai wa wanda ya maƙale mai kyauta. Kafin ka sake fita ka haddace haruffa bakwai: K, G, B, F, O, A, M. Taurarin da ke cikin waɗannan ajujuwa su ne ke ba da mai a wasan, kuma taswirar tana bari ka tace hanya ta bi ta kansu kaɗai. Rana tamu ajin G ce.

A zahiri tauraro haidirojin ne mafi yawansa, wannan gaskiya ne. Kusantarsa ce aiki. Na'urar Parker ta NASA, wadda ta fi kowane abin da ɗan Adam ya ƙera kusantar rana, ta wuce a nisan kilomita miliyan shida da 'yan kai ranar 24 ga Disamba 2024, tana fake bayan garkuwa. Iskar da ke wurin ta yi siriri ƙwarai, ko shekara ka yi da baki buɗe ba ka cika tanki ba.

Jupita ya fi kama hankali, kuma Traveller ma ya yarda a ɗebo mai daga irinsa, sai dai ɗanye ne, in ba a tace ba yana iya jefa kumbo inda ba a nufa ba. Masanan Birtaniya da suka zana kumbon Daedalus tsakanin 1973 da 1978 daga iskar Jupita suka shirya samo wani ɓangare na man tan 50,000 da zai kai shi tauraron Barnard cikin shekara hamsin. A takarda ya tsaya. Wahalar ita ce Jupita rijiya ce mai zurfi. Kuɓuta daga duniyarmu na buƙatar gudun kilomita 11 a daƙiƙa, daga Jupita kusan 60. Na'urar da kumbon Galileo ya jefa cikinsa a Disamba 1995 ta shiga da gudun kilomita 47 a daƙiƙa, ta yi magana na ƙasa da awa ɗaya, shi ke nan. Shiga da guga abu ne mai sauƙi, fitowa da shi cike ne ke cinye man da ka je ɗiba.

Da ni ne matuƙi, ƙanƙara zan nema. A 2009 NASA ta rafka wani ɓangaren roka cikin ramin Cabeus a kudancin wata, aka ga ruwa a ƙurar da ta tashi. Watannin Jupita da na duniyar Saturn da yawansu ɓawonsu ƙanƙara ne, ga kuma taurari masu wutsiya. Ƙarfin da suke jawo abu da shi kaɗan ne, ka sauka, ka sara, ka loda, ka tashi ba wahala, ka raba a hanya. In za ka bi ta Zariya ka ɗauki injiniyan nan na tambaya ta farko, ka dai tabbatar ya zo da garin tsatsarsa.